Daga Kale Zuwa Tarifa Cikin Kunkuru



Da muka zo gida ganin dangi, duk wanda muka nuna wa hotunan tafiyarmu tambayarsa ɗaya ce: me ya kai tsofaffi biyu bakin teku cikin sanyin Turai, lokacin da su Turawan da kansu suka kwashe tabarmi suka gudu? To, ga amsar, mun rubuto ta gaba ɗaya don mu huta da maimaici.

Mu dai miji da mata ne, haifaffun Kumasi, mun yi shekara talatin da ɗoriya a birnin Burusel na ƙasar Beljiyam. A duk shekarun nan ba mu san abin da ake kira yawon shan iska ba. Hutunmu shi ne tikitin jirgi zuwa Akara da akwatunan tsaraba. Da maigida ya ajiye aiki, sai ɗanmu na fari, wanda aka haifa can, ya ce zai yi mana alheri: zai yi hayar irin motar nan mai ɗaki a ciki, ya tuƙa mu mako uku muna bin gaɓar teku. Ya zaɓi watan Nuwamba na 2022 saboda a lokacin kasuwar baƙi ta watse, kuɗin haya ya faɗi warwas, wurin ajiye mota kuma sai wanda ka zaɓa. Uwargida ta ce ta yarda, amma da sharaɗi guda, sai an kai ta Tarifa, can ƙarshen ƙasar Sifen. Ɗan ƙanwarta ya bar Kumasi yana da shekara 22, kuma kiransa na ƙarshe daga Tanja ta ƙasar Maroko ya zo, a 2018, ya ce yana jiran kwalekwale. Tun ranar ba a sake jin muryarsa ba. Ba wanda ya yi mata musu.

Motar nan mun sa mata suna Kunkuru, tun da tafe take da gidanta. Nauyinta bai wuce tan uku da rabi ba, don haka lasin na ƙaramar mota ya isa a tuƙa ta. A ciki akwai gado biyu, da murhun gas mai kai biyu, da ɗan firji, da bayan gida wanda in mai ƙiba ya shiga sai ya yi dabara kafin ya juya. Tankin ruwa lita ɗari ne. Lita ɗari kamar abin kirki, amma ku lissafa alwalar mutum uku, da girki, da wanke-wanke, ku gani. Kwana biyu ya ƙare. A Faransa kusan kowane gari na bakin teku yana da filin da ya keɓe wa irin waɗannan motoci, inda za ka sa kwabo ka ɗebi ruwa, ka zubar da na datti. Abin da ɗanmu bai gaya mana ba, don shi ma bai sani ba, shi ne da sanyi ya shigo garuruwa da yawa rufe famfon suke yi kada ƙanƙara ta fasa bututu. Akwai ranar da muka zaga gari uku da jarka a hannu. Daga nan uwargida ta karɓi mulkin ruwa, kowa buta ɗaya, ba ƙari.

Da dare na farko maigida ya dubi motoci shida da suka jeru a filin, kowace da fitilarta, ya ce ai wannan zango ne. Kuma gaskiyarsa. Kakanninmu fatake da suka riƙa zuwa Salaga sayen goro haka suka yi: a yi tafiyar yini, a sauka inda akwai ruwa, a ɗora tukunya, da asuba a ɗaure kaya. Sunan unguwanninmu ma daga nan ya samo asali. Bambancin kawai su da madugu da jakuna, mu da yaro da waya mai nuna hanya. Maƙwabtanmu a waɗannan zanguna kusan duka tsofaffi ne 'yan fansho, Jamusawa da mutanen Holan, masu gudun sanyi zuwa kudu kowace shekara. Ba su da yawan magana, amma ba su da rowar taimako. Wani dattijo Bajamushe shi ya ba mu bakin tiyo da gas ɗinmu ya ƙare a Fotugal, don ashe kowace ƙasa da irin kan tulun gas ɗinta. Muka aika masa da wake da shinkafa da shito. Ya ci yana hawaye, ya dawo da kwano ya nemi ƙari.

Zangonmu na biyu shi ne wani ƙaramin gari mai suna Wisan, yamma da Kale. A nan teku ya tsuke, tsakanin Faransa da Ingila bai fi kilomita 34 ba, in gari ya yi garau kana hango fararen duwatsun Dova. Shagunan sayar da kankara mai zaƙi duk an kulle, gidajen haya an sauke tagogin katako, rairayi shimfiɗe har iyakar ganinka ba kowa sai wata tsohuwa da karenta. Iska kuwa kamar ta cire wa mutum kunne. Rana na faɗuwa wajen ƙarfe biyar, don haka azahar da la'asar da magariba suna bin juna a guje, ga shi muna kasaru.

Wajen ƙarfe uku na dare aka buga mana ƙofa da ƙarfi. Muka buɗe, sai tocila a ido. 'Yan sanda ne uku. Suka karɓi takardunmu, suka ce a buɗe ma'ajiyar kaya ta baya. Abin da suke nema kwalekwalen roba ne da inji da rigunan ruwa, domin daga wannan gaɓa ake loda mutane da dare zuwa Ingila. Abin da suka samu buhun shinkafa ne da garin kwaki da buta uku da darduma. Suka ba mu haƙuri suka tafi. Ɗanmu ya fusata, jikinsa har rawa yake yi, ya ce, "Baba, mota bakwai ne a filin nan, tamu kaɗai suka buga." Uban ya ce, "Na gani. Shiga ka kwanta." Yaron haifaffen ƙasar Turai ne, yana ganin haƙƙinsa aka taɓa, kuma ba mu ce ya yi kuskure ba. Mu da muka zo da girmanmu mun daɗe da koyon haɗiye irin wannan, ko daidai ne ko ba daidai ba. Har asuba ba wanda ya runtsa.

Da safe muka gangara bakin ruwa. Teku ya janye, ya bar wani dogon baƙin abu a kan rairayi kamar mataccen kifi. Da muka matsa sai muka ga kwalekwalen roba ne da ya sace, gefensa jarkokin fetur da rigar ruwa mai ruwan lemo da takalmi ƙafa ɗaya. Shekara guda kafin zuwanmu, ranar 24 ga Nuwamba 2021, mutum aƙalla 27 suka nutse a wannan mashigi cikin dare ɗaya. Uwargida ta tsaya kan takalmin nan ta daɗe. Ba ta ce komai ba, mu ma ba mu ce ba.

Daga nan muka bi Normandi. Mun tsaya a gaɓar da sojojin Amurka da Ingila da Kanada suka sauka ranar 6 ga Yuni 1944, mun ga maƙabartar Amurkawa mai kabari fiye da 9,000, kowane da farin dutse, ciyawa a aske kamar kan ango. Mun ga tudun rairayi na Pila kusa da Bodo, wanda tsayinsa ya haura mita 100, babu kamarsa a Turai. Maigida ya hau rabi ya ce gwiwa ta yi sallama. Dajin da ke bayansa baƙi ƙirin, gobarar watan Yuli na shekarar ta cinye shi har da sansanonin baƙi biyar. Arewacin Sifen ruwan sama ne ya raka mu daga farko har ƙarshe, ba abin da za mu ba ku labari sai ɗigar rufi da rigar da ta ƙi bushewa.

Fotugal ce ta ba mu rana. A garin Nazare ne muka gane cewa akwai masu jiran lokacin sanyi kamar yadda manomi ke jiran damina. Akwai wani kwazazzabo mai zurfi a ƙarƙashin teku da ya zo har gindin garin, shi ke tattara igiyar ruwa ya ɗaga ta ta yi tsayin gidan bene. A watan Oktoba 2020 wani Bajamushe ya hau igiya mai mita 26 a kan ɗan allo. Ranar da muka je ba ta kai haka ba, amma ƙasa na girgiza a ƙarƙashin ƙafarmu. Wanda ya san Labadi kawai bai san fushin teku ba. Sai dai a kula, tun 2021 dokar ƙasar ta tsananta kan kwana cikin mota a bakin gaɓa, dole ka nemi filin da aka amince. A kudu kuma akwai gari mai suna Legas, kamar ta Nijeriya. A nan aka sauke 'yan Afirka 235 a 1444 aka raba su kamar awaki, kuma yau akwai ɗan gidan tarihi a dandalin. Mu da muka san Elmina da Kef Kos, sai muka ji kamar mun ga ɗaya bakin igiyar.

Wani abin da ya ba mu dariya a hanya shi ne alƙibla. A Burusel mun saba fuskantar kudu maso gabas, amma kullum muka gangara sai ta ƙara karkata zuwa gabas, har maigida da wayar ɗansa suka yi ta gardama. Wayar ce ta yi nasara.

Ranar goma sha shida muka isa Tarifa. Garin ya ci sunan Ɗarif ɗan Malik, wanda ya ƙetaro daga Maroko a shekara ta 710. Tsakaninsa da Afirka kilomita 14 ne kacal. Jama'a, ba hange ba ne irin na Dova. Ga Dutsen Musa a gabanka, ga gidaje farare, da dare ga fitilun motoci suna tafiya a kan hanya. Ɗanmu ya ce, "Mama, ai wannan ko ni sai in yi iyo." Ta ce, "Haka shi ma ya gani." Ruwan yana da ja mai ƙarfi, manyan jiragen kaya suna ratsa shi dare da rana, ga wata iskar gabas da ke yin kwanaki ba ta tsaya ba. Wannan iskar ce ke kawo samarin Turai ko da sanyi, suna hawa allo wata babbar lema tana jan su a kan ruwa. A rairayin da suke wasan, mai suna Los Lansas, a nan ne teku ya fara turo gawar mai ƙetare, ranar 1 ga Nuwamba 1988. A 2018, shekarar da yaronmu ya kira, mutum fiye da 50,000 suka shiga Sifen ta ruwa. Waɗannan su ne waɗanda suka isa aka ƙirga su.

Washegari muka hau tudu zuwa maƙabartar garin. Mutanen Sifen a jikin bango suke binne mamatansu, rami bisa rami kamar kantar shago. Na 'yan gari da suna da hoto da furanni. A wani gefe kuma akwai waɗanda aka shafe da siminti kawai, ba suna, sai ranar da aka tsinci mutum. Uwargida ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana karanta kwanan wata, ɗanmu na riƙe da hannunta. Mun sani tun daga gida cewa ba za mu sami komai ba. Wataƙila yaron bai ma shiga ruwa daga nan ba, wataƙila yana wani wuri da rai, kunya ta hana shi kira, Allah ne masani. Amma shekara huɗu uwarsa tana tambayarmu, ku da kuke Turai ba ku ji komai ba, kamar Turai unguwa ɗaya ce. Mun ga ya kamata ko sau ɗaya wani nasa ya taka ya zo ya duba.

Maigida ya ɗaga hannu ya yi addu'a ga duk wanda ke cikin bangon, Musulminsu da wanda ba Musulmi ba, tun da ba mai iya rarrabewa. Wani ma'aikacin wurin da ke shara ya tsaya, ya cire hularsa har muka shafa.

Da la'asar muka koma bakin ruwa, uwargida ta kira ƙanwarta a Kumasi, kiran da ake ganin juna. Ta juya wayar ta nuna mata teku da dutsen da ke ƙetare. Ƙanwar ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Yaya, nan ne?" Ta ce, "Nan ne." Ta ce, "Ashe kusa ne haka." Ta roƙa kada a kashe wayar, a bar ta ta ƙara kallo. Muka jingina wayar da buta a kan rairayi, muka zauna gefe cikin bargo har batir ya mutu.

Da safe muka cika tanki da ruwa, muka zubar da na datti, ɗanmu ya juya kan Kunkuru arewa. Kwana huɗu muka yi kafin Burusel, ta hanyar tudu.