Fitowar Rana a Basirka: Wa Ke Ajiye Mana Kamannin Ƙasarmu?

Kowace safiya, tun kafin a sauke koko daga wuta, zaurukan WhatsApp da shafukan Facebook na mutanen Gwaram da Birnin Kudu sun riga sun cika da hotunan barka da asuba. Ga rana ja jawur tana hudowa ta bayan wani tsauni mai ƙanƙara, ga wata tana fitowa daga cikin teku, an ɗora addu'a a kai da rubutu mai ƙyalli. Gaisuwa ce, gaisuwa kuwa ba ta da laifi. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, mai turo hoton yana zaune ne a Basirka ko Farin Dutse ko Sara, kuma a daidai lokacin da yake laluben safiyar wasu mutane a intanet, tasa ranar tana hawowa a kan kuka da gawo da duwatsun bayan gidansu, ba wanda ya ɗaga waya ya ɗauka. Su ma 'yan ƙalilan da ke fita su ɗauka da kansu, yawanci ƙwayar ranar suke aunawa, sai sama ta fito ja, ƙasa ta koma baƙi ƙirin, hoton ya zama na ko'ina. A ganina, hoton fitowar rana yana samun darajarsa ne idan ya nuna wata ƙasa takamaimai, mai suna, da kwanan wata a jikinsa, sannan aka koma wurin aka sake ɗauka baɗi. Irin wannan hoton ne kudancin Jigawa ke bukata, kuma matasan yankin ne kaɗai za su iya yin sa.

Dalili na farko yana cikin hasken kansa. Idan rana tana gindin sama, haskenta yana ratsa iskar da kaurinta ya kai kusan ninki 38 na wadda yake ratsawa idan tana bisa kai. A wannan doguwar tafiya shuɗin haske yake watsewa, ja da ruwan ɗorawa su iso gare mu, shi ya sa dutsen da yake fari fat da azahar yakan yi ja da sassafe. Launin ne ke jan idon mutane, amma inuwa ta fi shi aiki. Minti 20 bayan hudowar rana, inuwar abu takan haura ninki 10 na tsayinsa. Bayan awa guda ta dawo kusan ninki 4. Da rana tsaka kuwa ta shige ƙarƙashin ƙafa. Saboda haka kunyar gona, da sawun ruwan da ya fara cin bakin hanya, da tudun tsohuwar ganuwa da ta kwanta, da ramukan kufai, duk suna bayyana ƙarara da safe, alhali da hantsi ya ɗaga sai su ɓace cikin farin haske. Masu binciken kufai a Ingila sun gane haka tun a shekarun 1920, suna tashi da jirgin sama da sassafe ko da yamma lis don su hango alamun tsofaffin garuruwa a cikin gonaki. Wanda ya juya wa rana baya, ko ya bar ta a kafaɗarsa, shi ne ya ci ribar wannan haske. Wanda ya fuskance ta ya samu jan sama, ya yi asarar ƙasa.

Sai dai a wurinmu wannan haske ba ya jiran kowa. Basirka tana wajen digiri 11 ne a arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka rana tana hawa kusan a miƙe, tana cin kusan digiri 15 a awa. A arewacin Turai takan daɗe tana jan jiki a gindin sama, shi ya sa masu koyar da hoto na can ke magana kamar akwai lokaci mai yawa. Mu rabin awa ce, in an yi sa'a da 'yan mintoci, sai haske ya yi tsauri. Da safe ake kama fara. A watan Yuni rana takan fito wajen ƙarfe 6, a ƙarshen Janairu kuwa sai kusan bakwai saura kwata. Mafitarta ma tana tafiya: a Maris da Satumba gabas sak take fitowa, a Yuni ta karkata arewa da kusan digiri 24, a Disamba ta karkata kudu da kamar haka. Ke nan dutse guda yana da fuska dabam-dabam a shekara. Da hunturu, idan hazon da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na Chadi ya sauka, rana takan fito fara sol kamar faifai, babu inuwa mai kaifi, bishiyoyi su jeru wannan bayan wancan har su narke cikin ƙura. Da marka, bayan ruwan dare, iska takan wanku har a hango tsaunukan da ke can ƙasar Bauchi, ga gawo tsaye ba ganye a tsakiyar koren gero, shi da zai yi kore shar da rani sa'ad da komai ya bushe. Ba wanda zai samo waɗannan a intanet, domin sai wanda ya kwana a wurin yake ganinsu.

Dalili na biyu ya fi na farko nauyi, kuma shaidarsa tana kusa da mu. A Birnin Kudu, a jikin Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu, akwai zanen shanu da mutanen dā suka yi, wanda Bernard Fagg ya yi nazarinsa a shekarun 1950 tare da duwatsun kiɗa da ke wurin, daga baya gwamnatin tarayya ta sa su cikin kayan tarihi na ƙasa. Shanun da ke jikin duwatsun ba su da tozo, wasu masu dogon ƙaho, wasu masu gajere. Shanun da ke bin burtalin Gwaram a yau kuwa, bunaji ne da rahaji, kowace da tozonta. Ba don wani ya tsaya ya zana abin da idonsa ya gani a ƙofar kogonsa ba, da ba mu da wannan shaida a gabanmu cewa wani irin garke dabam ya taɓa kiwo a nan. Mai zanen bai aro dabbar wata ƙasa ba, tasa ya zana, kuma abin da ya sa aikinsa ke da daraja har gobe ke nan.

A Jamhuriyar Nijar ma hoto ya taɓa raba gardama babba. Bayan farin shekarun 1970 da 1980, duniya ta ɗauka hamada ta gama cinye Maradi da Damagaram. A 1983 Tony Rinaudo, wani ɗan Ostareliya da ke aiki a Maradi, ya fara ƙarfafa wa manoma guiwa su bar tohon kututture ya girma a gona, abin da ake kira sassabin zamani. Shekaru suka shuɗe ba wanda ya san girman abin da ya faru, sai da Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka da abokan aikinsa suka ɗauko hotunan jirgin sama na 1975 suka jera su da na bayan shekara ta 2000. Nan aka ga gonakin da a da suke fili fetal sun cika da itatuwa, aka ƙiyasta hekta miliyan 5 da bishiyoyi kusan miliyan 200. Hoto ɗaya ba zai faɗi wannan ba, komai kyansa. Biyu ne suka faɗa, na wuri ɗaya, da shekaru a tsakaninsu.

To mu fa? Ƙasar Gwaram tana sauyawa a gaban idonmu. Buhunan gawayi suna jere a bakin titi, kuma kowane buhu daga jikin wata bishiya ya fito. Gonaki suna matse burtali. Kogin Bunga, da ke ratsa yankin kafin ya zama Kogin Jama'are, yana cin gaɓarsa a wani gefe yana zuba yashi a wani. A watan Agustan 2021 ruwa ya karya gada a Radabi, a kan hanyar Gwaram zuwa Basirka, motoci suka afka, mutum 21 suka rasu, Allah Ya jiƙansu. A lokacin ne sunan Basirka ya cika jaridun ƙasar nan, ya shiga kunnen mutanen da ba su taɓa jin sa ba. Ba na cewa hoto zai hana gada karyewa. Amma kwazazzabon da ke matsowa gindin kwalbati ba dare ɗaya yake isowa ba, kuma jama'ar da ke riƙe da hotunansa na shekara uku a jere suna da abin ajiyewa a kan teburin hukuma wanda ya fi koke na baki ƙarfi. Gani ya kori ji. Haka nan idan dattijo ya ce wannan fili a da kurmi ne, jikansa yakan ɗauka santin tsufa ne kawai, domin babu abin nunawa.

Wani zai ce ai tauraron ɗan'adam ya ɗauke mana wannan aiki. Gaskiya ne Landsat yana ɗaukar hoton duniya tun 1972, kuma yana da amfani ƙwarai. Amma ɗigo ɗaya a hotonsa fili ne mai mita 30 a kowane gefe, daga bisa yake kallo, da hantsi yake wucewa, kuma da damina gajimare kan rufe masa ido. Zai iya cewa akwai kore a wuri kaza, ba zai iya cewa tsohuwar ɗorawa aka sare darbejiya ta maye gurbinta ba, alhali ga mai daddawa wannan bambanci shi ne komai. Bai san sunan fadama ba, bai san wace tsamiya ce iyakar gonaki biyu ba. Hoton sama da hoton ƙasa suna cika juna ne, kuma na ƙasan shi ne ba mu da shi.

Wani kuma zai kawo maganar addini da ta lokaci. Malamai sun yi saɓani a kan hoton abu mai rai, amma bishiya da dutse da kogi ba su cikin wannan saɓani; ruwayar da ke cikin Bukhari da Muslim ta nuna Ibn Abbas ya nusar da mai sana'ar zane ya koma ga bishiya da abin da ba shi da rai. Batun lokaci kuwa, mu ba mutanen da sai an tashe su don ganin fitowar rana ba ne. Wanda ya yi asuba a jam'i ya zauna azkar, da manomin da ya saɓa fartanya, da makiyayin da ya kwance garke, duk suna waje a daidai wannan rabin awar. Inda ya kamata a yi hattara shi ne mutuncin mutane. Safiya lokacin fitar mata ce zuwa rijiya, lokacin tatsar nono ne a ruga. Ba daidai ba ne a auna musu waya ba da izininsu ba, balle a watsa su a Facebook don a ƙawata hoto.

Sukar da na fi ɗauka da muhimmanci ita ce ta masu cewa kyakkyawan hoto yana rufe wahala, ya mayar da ƙauyen da ba shi da ruwan sha abin sha'awa ga ɗan birni. Akwai gaskiya a ciki, kuma hotuna da yawa sun aikata hakan. Sai dai laifin yana wurin mai ƙara wa hoto ja har ya fita hayyacinsa, da mai yanke kututture daga gefe don kada ya ɓata tsari. Hasken safiya shi kansa ba ya rufa wa ƙasa asiri, domin inuwar da ke fito da kyan kunyoyi ita ce ke fito da zurfin zaizaya. Masu tsoron kada aikin ya koma lissafi fasaha ta mutu, su ma ina ganin sun yi kuskure. Wanda ya riƙe dutse guda yana komawa gare shi a hunturu da bazara da damina da kaka, zai san ta inda haske ke fara taɓa shi, ya san makon da hazo ke lafawa, ya san sa'ar da balbelu ke ratsawa. Baƙon da ya zo da kyamara mai tsada ya kwana ɗaya ba zai kamo shi ba.

Wayar da ke aljihu ta isa. A goge idon kyamarar, musamman da hunturu. A jingina hannu da dutse ko bishiya, tunda haske kaɗan ne kuma ƙaramin motsi kan ɓata hoto. A taɓa wajen da ya fi haske a fuskar wayar don ta rage shi, a guji jawo abu daga nesa, gara a taka a matsa. A zaɓi wurin tsayawa da ba zai gushe ba, kamar kan fa ko bakin gada, a sa wani dutse sananne a gefen hoton don na gaba ya gane inda aka tsaya. Sannan a rubuta sunan wurin da kwanan wata da inda aka fuskanta, domin WhatsApp da Facebook suna matse hoto suna kuma goge bayanan da waya ke liƙa masa. Idan za a tura wa wani don ajiya, a tura shi a matsayin fayil. Waya tana ɓata, tana faɗawa ruwa, saboda haka ainihin hoton yana bukatar gida na biyu. Rumbun Wikimedia Commons yana karɓa kyauta, yana riƙe kwanan wata da sunan mai ɗauka. Malaman labarin ƙasa a makarantun sakandaren Gwaram da Birnin Kudu za su iya raba wa ɗalibai wurare, kowane aji da dutsensa ko fadamarsa, a riƙa miƙa wa na baya, Jami'ar Tarayya ta Dutse kuma, da aka kafa a 2011, ta karɓi kwafi ta adana.