Kafin A Ɗauko Gatari

Tun da kayan miya suka yi tashin gwauron zabo mutane suka fara hararar bishiyar da ke tsakar gidansu. Wurin da ya dace da ɗan lambu shi ne wanda inuwa ta mamaye, sai ka ji ana cewa a sare ta a huta. Ni a ganina, kafin a ɗauko gatari gara a duba abin da bishiyar ta rage na rana da ruwa da ƙasa, sannan a nemo shukar da wannan ragowar za ta ishe ta.

A gidanmu da ke Zariya akwai mangwaron da kakanmu ya dasa tun ba a haifi Baba ba. Bara Yaya ya dage sai an sare shi an sa tumatir da attaruhu. Yana da hujja. Tumatir da tattasai da kuɓewa suna son rana ta aƙalla awa 6 a yini, shi kuwa mangwaro rani da damina ba ya rabuwa da ganye. Idan ka sa su a gindinsa sai su yi ta miƙewa sirara suna neman haske, fure ya zube, babu 'ya'yan kirki. Inna ta ce muddin tana numfashi ba mai taɓa shi. Da na ga zance zai yi tsami, sai na roƙi a ba ni damina ɗaya.

Na ɗauki kwanaki ina lura da inuwar. Gefen gabas yana samun hantsi, tsakiya kuwa sai ɗigon haske. A tsakiyar na sa citta da kurkur da gwaza, domin dukkansu suna jure inuwa, kuma abin da ake nema a wurinsu yana cikin ƙasa. Irin cittar daga Kachiya aka kawo mini, inda nomanta ya shahara. Na'a-na'a na kai ta gefen gabas a cikin tsohon bokiti, saboda idan ta samu sake sai ta cinye wuri.

Bayan inuwa sai maganar lokaci. Mangwaro yana bukatar ƙasa ta bushe kafin ya yi fure da hunturu. Idan kana ta kwarara masa ruwa a lokacin saboda wata shuka, yakan koma fitar da sabon ganye, fure ya yi ƙaranci. Ita citta a farkon damina ake shuka ta, ta yi wata 8 zuwa 9, ganyenta ya bushe a tone ta daidai lokacin da mangwaro ke son a ƙyale shi. Kowa da lokacinsa, ba mai shiga gonar wani.

Sai kuma saiwa. Ƙananan saiwoyin da bishiya ke cin abinci da su ba su da nisa da saman ƙasa, don haka ban sa fartanya ta yi zurfi ba. Na bar tazarar kamar mita 1 daga kututture, na zuba takin gida a sama, na rufe da busasshen ganye. Inda saiwa ta yi yawa, a buhu na shuka.

Ba mu samu tumatir ba, har yau sayensa muke yi. Amma cittar ta kai mu azumi ana kunu da shayi, Inna ta dafa gwaza har da na maƙwabta, mangwaro kuma ya yi 'ya'yansa yadda ya saba. Yaya bai sake ɗauko zancen ba.

Ba kowace bishiya ce ke da halin mangwaro ba. Inuwar gwanda ba ta da kauri, alayyafo da latas suna iya yi a kusa da ita. Gwaiba tana tsaka-tsaki. Duk wanda ke da bishiya a gida, ya ba ta kwana uku yana kallon inda rana ke faɗuwa safe da rana da yamma kafin ya je sayen iri. Wace bishiya ce a gidanku, kuma me kuka taɓa gwadawa a gindinta?