Tambayar da ta taso daga Kambirij ta iske mu a tsakar gida

Yau magana ce ta cikin gidanmu muka zo da ita, kuma mun daɗe muna juya ta kafin mu yarda mu fito da ita.

Akwai wani yaro a gidanmu nan Maradi, ɗan farin ƙanwarmu. Ya cika shekara biyu bai ce "Inna" ba, ya shiga ta uku haka nan. In an kira sunansa ba ya waiwaya, har muka ɗauka kurma ne. Amma da an buɗe ledar biskit a ɗaki, ko yana zaure sai ka gan shi tsaye a kanka. Yakan zauna awa guda yana jera murafun kwalba a kan tabarma, layi ɗaya miƙe, in ka taɓa guda ɗaya ranar ba mai barci. Injin niƙan maƙwabta kuwa da ya tashi sai ya toshe kunnuwa ya shige ƙarƙashin gado.

Kun san mutanenmu, kowa da bakinsa. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce uwar ta fita da almuru lokacin tana da ciki. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, akuya biyu suka tafi a hanyar nema. Mun kai shi likita, wanda muka iske ya duba kunne da maƙogwaro ya ce jinkirin baki ne, maza sun gaji haka. Ba mu riƙe shi a rai ba. Lokacin zazzaɓin damina ne, layin mata masu goyo ya kai har bakin titi, shi ma mutum ɗaya ne.

Wanda ya warware mana ɗan kawunmu ne, mai karatun likita a Yamai, da ya zo hutu. Ya kwana biyu yana kallon yaron bai ce uffan ba. Rana ta uku ya zauna kusa da tsohuwarmu, ita da ke rainon yaron, ya ce, "Inna, in jirgi ya wuce sama, yaron ga yana miƙa yatsa ya nuna miki, ya waiwayo ya duba ko kin gani?" Tsohuwa ta yi shiru ta ce, "Maigidan nawa? A'a. In ruwa yake so, hannuna yake ja ya aza bisa randa." Ya sake tambaya, "Ya taɓa ɗaukar gwangwani ya yi kamar yana dafa shayi, ya zuba miki na ƙarya?" Ta ce ko sau ɗaya. Sai ya ce mu kai shi Yamai wajen likitan yara, yana zaton abin da Turawa ke kira otizim ne. A rediyo mukan ji ana cewa galahanga, ko da yake wannan kalmar mutane suna haɗa larurori dabam-dabam a cikinta. Muka je, aka daɗe ana bincike, aka tabbatar.

Abin da ya tsaya mana a rai shi ne tambayoyin nan. Mun yi shekara muna yawo, ba wanda ya yi mana su. Daga ina suka fito? Da muka matsa masa sai ya ce ba ƙirƙirarsa ba ce, aikin wasu masana ne a Ingila, kuma jagoransu shi ne shugaban cibiyar binciken otizim ta Jami'ar Kambirij, Farfesa Simon Baron-Cohen. Tun daga ranar muka shiga bibiyar mutanen wannan cibiya, ɗan kawun yana fassara mana.

Da ka ji an ce cibiyar bincike, abin da ke zuwa maka shi ne gini da na'urori. Na'urorin suna nan, amma mu tarihin mutanen ne ya ja mu. Shi Baron-Cohen, kafin ya zama wani abu, koyarwa ya yi a wata ƙaramar makaranta ta yara masu otizim a Landan. Wato sai da ya yi zaman tabarma da su kafin ya hau kujerar jami'a. Malamarsa a digirin dokta mace ce, Uta Frith, haifaffiyar Jamus. A 1985 su biyu da Alan Leslie suka yi wani gwaji da ƴar tsana biyu, Sally da Anne. Sally ta sa ƙwallonta a kwando ta fita, Anne ta ɗauke ta ɓoye a akwati. Sai a tambayi yaro: in Sally ta dawo, ina za ta duba? Yawancin sauran yara suka ce kwando, don sun gane Sally ba ta ga abin da ya faru ba. A cikin yara 20 masu otizim kuwa, 16 akwati suka nuna, inda su suka san ƙwallon take. Da aka karanta mana wannan sai tsohuwarmu ta ce, "Ashe shi ya sa yake kuka in ban ba shi abin da bai faɗa ba. Yana ganin abin da ke ransa ni ma na sani." Masana sun yi ta muhawara daga baya kan iyakar abin da gwajin yake nunawa, amma mu a ranar ya sauƙe mana wani nauyi, mun daina cewa taurin kai ne.

Tambayoyin jirgi da shayi kuwa daga wata ƴar takarda suke da ake kira CHAT, wadda shi da abokan aikinsa suka fitar a 1992 don yara ƴan wata 18. Tambaya tara ce ga iyaye, sai abu biyar da ma'aikacin lafiya zai duba da idonsa. Har da ƴar butar shayi ta wasa ake miƙa wa yaro a ce ya haɗa. Aka gwada ta a kan yara 16,000 a kudu maso gabashin Ingila. Yara 12 ne suka kasa manyan alamomin, 10 daga cikinsu aka tabbatar suna da otizim. Sai dai da aka bi yaran bayan shekaru, aka gano takardar ta tsallake da yawa waɗanda su ma suna da larurar. Ba su ɓoye ba, suka wallafa. Daga nan wata mai bincike a cibiyar, Carrie Allison, ta jagoranci sabunta ta a 2008 zuwa tambaya 25, kuma maimakon i ko a'a, ana tambayar uwa sau nawa yaro yake yin abu. Mutumin da zai fito ya ce awon da na yi ya gaza, mu a wajenmu shi ne abin yarda.

Cibiyar ba sana'a ɗaya ce ta taru a cikinta ba. Akwai masana halayyar ɗan adam, akwai likitocin ƙwaƙwalwa, akwai masu ɗaukar hotonta. Akwai masu binciken gado a jini irin su Varun Warrier, don an tabbatar gado yana da babban hannu a larurar. Akwai masu lissafi da ke tace alƙaluma. Wasu sun bi ruwan da ɗan tayi yake kwance a ciki suna auna sinadaransa. Har masu zanen katun sun shigo: aka yi fim na jiragen ƙasa da motoci masu fuskar mutum ta gaske, don yaron da ke son taya da layin dogo ya koyi gane fushi da murna a fuska. Ba duk ra'ayin shugaban aka karɓa ba. Maganarsa cewa ƙwaƙwalwar mai otizim ta ɗauko siffar ta namiji har ta zarce ta sha suka ƙwarai, musamman daga masu cewa irin wannan tunani yana sa a ƙyale ƴan mata ba a gano su ba.

(Wata maƙwabciya ta ce mana allurar rigakafi ce ta taɓa shi. Wannan zance ma daga Ingila ya taso, daga wani likita dabam da ba na cibiyar nan ba, a 1998. A 2010 mujallar da ta buga ta janye rubutun, aka kuma hana shi aikin likita. Ƙanen yaron an yi masa alluransa duka, karnensa a cike yake.)

Akwai kuma inda manyan suka yi tuntuɓe. A watan Agusta 2021 cibiyar ta ƙaddamar da wani shiri, Spectrum 10K, na tattara yawun mutum 10,000 masu otizim don binciken gado. Sai masu larurar da kansu, manya masu karatu da aiki, suka tashi suka ce ba su yarda ba. Wa zai riƙe bayanan? Mi zai hana wata rana a yi amfani da su a riƙa gwada ciki ana zubar da irinsu? Masu shirin suka ce ba nufinsu ke nan ba, amma cikin ƴan makonni aka dakatar, aka yi dogon zaman jin ra'ayi, a farkon 2025 kuma aka rufe shirin. Shekarar da aka ba shugaban lambar Sir, a ita ce waɗanda yake bincike a kansu suka tsayar da shi. Wallahi abin ya taɓa mu, don mu ma kullum a kan yaron ake magana, yana zaune, ba wanda ke duban mi shi yake so.

Yanzu ga inda muka ga giɓi. Takardar nan don yaron Ingila aka rubuta ta. Ana tambaya ko yaro yana kallon mutum cikin ido. Mu nan yaron da ya zuba wa babba ido cewa ake ba shi da kunya. Ana tambaya ko yana nuni da yatsa, mu kuwa sau da yawa da baki muke nuni, kuma ana kwaɓar yaro in ya nuna babba da ɗan ali. Sannan takardar ta ɗauka uwa ce ta fi kowa sanin ɗanta. To ɗan fari fa? Ƙanwarmu ko sunansa ba ta kamawa, ba ta wasa da shi gaban mutane. Da ita aka tsare da tambaya a ɗakin likita, sunkuyar da kai za ta yi ta ce lafiya lau. Ɗan kawunmu ya dace ne don ya san gidan, ya san kaka zai tambaya.

Hukumar lafiya ta duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin 100 yana da otizim. Ku ƙirga yaran unguwarku. Muna da jami'a a Yamai, muna da ita a Maradi, Damagaram da Tawa. Abin da muke fata shi ne a sami likitan yara da mushen lakkwal da masanin Hausa da ungozoma da kaka irin tamu su zauna tabarma ɗaya su sake rubuta tambayoyin nan da bakinmu, a gwada su a kan ɗiyanmu, a faɗi gaskiya in sun gaza, a sa su hannun majo a kowane gidan likita na ƙauye. Wannan aiki ba ya buƙatar na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa.

Yaron yanzu shekararsa shida. Likitan Yamai ya gaya mana tun farko ba maganin sha da zai raba shi da larurar, sai koyarwa da haƙuri. Mun yi masa hotunan randa, tuwo, bayan gida da tabarma, muka liƙa a bango yana nunawa. Mun yi magana da mai niƙa, in zai tada inji yakan aiko yaro ya faɗa, mu shigar da shi ɗaki. Lakkwal ɗaya ta mayar mana da shi bayan kwana uku, muna neman wata. Kalmominsa ba su wuce goma ba.

Makon jiya da yamma, yayyenmu suna shayi a ƙofar gida, ya ɗauko murfin kwalba guda daga cikin layinsa, shi da ba ya bari a taɓa. Ya kara shi a bakin buta, ya taka har inda tsohuwa take zaune ya miƙa mata. Ta karɓa ta kurɓa iska, ta ce, "Maigida, sukari ya yi kaɗan." Ya karɓe murfinsa ya mayar cikin layi.