Ƙauyen Viking a Kan Tebur: Abin da Ɗan Fagge Ya Gano a Birnin York

Birnin York yana arewacin Ingila, tafiyar kamar awa biyu a jirgin ƙasa daga Landan. Tsohon gari ne mai ganuwar dutse da ƙofofi, kuma har yau ganuwar tana tsaye, mutane na hawa kanta suna zaga birni a ƙafa. Duk Bakanon da ya gan ta sai ransa ya sosu, domin ya san halin da tamu badalar take ciki. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai a wannan tafiya wani ƙauye ne wanda duk faɗinsa bai wuce tebur ɗaya ba.

A watan Fabrairu, lokacin da sanyin ƙasar yake ratsa ƙashi, ƙungiyar masu wasan yaƙi a kan tebur ta York takan shirya babban taro mai suna Vapnartak a ginin filin sukuwar garin. Wani abokina mazaunin can ne ya ja ni, yana cewa tunda ina son tarihi zan ga abin da ban taɓa gani ba. Ya yi gaskiya. Tebura ne jere a ɗakuna masu faɗi, kowanne da duniyarsa: wannan sahara, wancan tudun ƙanƙara, na gaba bakin teku da jiragen ruwa. Dattawa masu furfura da samari da yara sun sunkuya a kai, suna aune-aune, suna shawara a hankali.

Wasan ba shi da wuyar fahimta. Mutum biyu ke karawa, kowa da rundunarsa ta 'yan sojojin dalma ko na roba, tsayin kowane soja milimita 28. Ana auna tafiyar runduna da sandar awo, a jefa ƙwayoyi masu ɗigo irin na ludo don a san wanda saransa ya kama da wanda garkuwarsa ta tare. Ba a sa kuɗi, ba caca ba ce. Asalinsa ma darasin soja ne. A 1812 wani Bajamushe mai suna Reisswitz ya kai wa sarkin Prusha teburin koyon dabarun yaƙi, ɗansa ya gyara ƙa'idojin a 1824, rundunar ƙasar ta karɓa tana horar da hafsoshinta da shi. A 1913 marubucin nan na Ingila, H. G. Wells, ya fitar da littafin ƙa'idoji don farar hula, daga nan abin ya shiga gidaje. Yau kamfanin Games Workshop, wanda aka kafa a 1975 yake kuma da hedikwata a Nottingham, yana sayar da irin waɗannan sojoji a faɗin duniya.

A wasan, ƙasa ce ke yanke hukunci kafin takobi. Gida yana ɓoye mayaƙa daga 'yan baka, danga tana rage wa maharan gudu, fadama tana riƙe ƙafa, ƙaramar gada kuma tana iya sa mutum biyar su tare hamsin. Shi ya sa gina filin ya zama sana'a mai zaman kanta, har akwai waɗanda sun fi son ginin a kan wasan.

Teburin da ya tsayar da ni na zamanin Viking ne, wato mutanen Denmak da Nowe da Suwidin waɗanda suka cika tekunan Turai da hari da fatauci. Harinsu a tsibirin Lindisfarne a 793 ne ake ɗauka mafarin zamaninsu a Ingila. Sun ci York a 866, suka mai da ita babban birninsu da suke kira Jorvik, har zuwa 954 da aka kori sarkinsu na ƙarshe a garin. Zamanin nasu ya rufe da yaƙin Stamford Bridge a 1066, a kusa da York ɗin. Idan muka bi lissafin tarihin sarakunan Kano, Bagauda ya hau mulki a 999, ke nan lokacin da ake kafa sarautar Kano jiragen waɗannan mutane suna kan ruwa.

Mai teburin dattijo ne, ya ce mini aikin kafinta ya yi kafin ya huta. Da ya ga na daɗe a tsaye sai ya ɗaga rufin wani dogon ɗaki ya miƙo mini. Rufin cirewa ake yi don a iya sa sojoji a ciki. A ƙarƙashinsa ga ginshiƙai layi biyu, ga murhu a tsakiyar ɗaki, ga dakalin kwana a jikin bango, an shimfiɗa masa 'yan fatu. Sai ya shiga nuna mini yadda ya gina, ɗaya bayan ɗaya.

Kowane gida yana zaune a kan siririn allo nasa, an goge gefensa ya kwanta, don a iya sauya fasalin ƙauyen duk lokacin da za a yi sabon wasa. Bangon kuwa da soso mai tauri ake yanka shi, sannan a lulluɓe da 'yan tsinkayen katakon da ake juya shayi da su a shaguna. Kowane tsinke sai an karce shi da burushin waya, don ya fito da jijiyar itacen da aka fasa da gatari. Dangar garke ita ta fi cin lokaci: a kafa tsinken sakace a jere, a ɗauko siririyar waya a riƙa shigar da ita ciki da waje, kamar yadda ake saƙar zana. Inda ake son bangon yaɓe, sai a shafe saƙar da ƙasar cike tsagar gini, a bar wasu wurare a buɗe don a ga inda yaɓen ya zube.

Jinkar ce ta fi ba ni mamaki. Yadi ne mai gashi, irin wanda ake ɗinka 'yar tsanar yara da shi. A manna shi a kan kwali, a jiƙa shi da gam da aka sirka da ruwa, a taje shi ƙasa da mataji, idan ya bushe a daidaita bakinsa da almakashi. Fenti kuma daga duhu ake farawa. A shafe komai da baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu, sannan a tsoma burushi a launi mai haske, a goge shi a tsumma har ya kusa bushewa, a riƙa shafawa sama-sama. Launin sai ya kama tudu ya bar kwari, nan take katako ya tsufa, jinka ta nuna ta sha damina. Ƙasa kuma yashi ne da gam, da ciyawar roba da ake barbaɗawa, da hanyar da ƙafa ta taka har ta zama taɓo daga ƙofar gida zuwa bakin rafi.

Ya ce gida kaɗai ba ya zama gari sai an ga alamar masu shi. Don haka ya sa tarin itacen girki, da kifi a shanye, da kwalekwale a kife ana gyaransa, da maƙera da uwar maƙera da zugazugi, da masaƙa jingine a bango. Akwai kuma lissafi a ciki. A ma'aunin soja mai milimita 28, mita 56 na gaske ita ce mita ɗaya a tebur. Dogayen ɗakunan da aka tono a sansanin Fyrkat na Denmak, waɗanda aka gina wajajen 980, sun haura mita 28, ke nan a tebur sai su ci rabin mita. Wasan da ake kira Saga, wanda ake bugawa da sojojin zamanin Viking, filinsa santimita 120 ne da 90. Dole magini ya rage tsawon gida, amma ya bar ƙofa daidai tsayin soja. Kwalkwali mai ƙaho kuwa, wanda finafinai suka saba nunawa, ya ce ba zai hau teburinsa ba, domin ba a taɓa tono irinsa daga zamanin Viking ba.

Na tambaye shi inda ya samo wannan sani, sai ya tura ni titin Coppergate a tsakiyar gari. A can, daga 1976 zuwa 1981, masu binciken kayan tarihi suka tona wani fili kafin a gina rukunin shaguna a kansa. Ƙasar wurin mai laima ce, ta hana iska shiga, don haka itace da fata da tufafi ba su ruɓe ba. An samu filayen gida huɗu a jere, kowanne faɗinsa kamar mita biyar da rabi, da bangon saƙa da murhu a tsakiya, sannan a samansu gidajen katako na baya masu ɗakin ƙasa. An fito da abubuwa wajen 40,000: takalma, mataji na ƙahon barewa, akusan katako, har da safa ta ulu. A 1984 aka buɗe gidan tarihi na Jorvik a daidai wurin, aka sake gina unguwar da girmanta na gaske, har da ƙara da warinta. Ambaliya ta ci shi a ƙarshen 2015, suka gyara suka sake buɗewa a 2017. Shagunan suna sama ana ciniki, tarihin yana ƙasa ana koyarwa.

A cikin kayan da aka tono akwai wuri daga yankin Bahar Maliya, da hular siliki, da kwaikwayon dirhamin Samarkand mai rubutun Larabci. Na daɗe a gaban wurin nan, domin da irinsa kakanninmu suka yi ciniki a kasuwar Kurmi. Mutanen Viking ɗin nan sun san duniyar Musulmi. Sun kai hari Ishbiliya ta Andalus a 844, kuma Ahmad bin Fadlan, manzon halifan Bagadaza, ya gamu da 'yan'uwansu a bakin kogin Volga a 922 ya rubuta yadda suke. A tsibirin Gotland na Suwidin an tono taska a 1999 mai tsabar azurfa fiye da 14,000, mafi yawansu dirhamin ƙasashen Musulmi.

Da na dawo gida na bi ta titin Ibrahim Taiwo na gangara har France Road, ina kallon unguwanninmu da wani sabon ido. A da Fagge zangon ayari ce a wajen ganuwa, inda Azbinawa suke sauke gishirin Bilma su durƙusar da raƙuma. Kantin Kwari kuma a da wurin zaman Kwarori ne, 'yan Lebanon da Siriya, kanti a gaba gida a baya. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka yanka Sabon Gari a 1913 don ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu da Gana da Saliyo, da titunanta miƙaƙƙu da gidajen tsakar gida ɗaya ɗakuna a kewaye. Yau tsofaffin gidajen nan ana rushe su ɗaya bayan ɗaya ana ta da benayen shaguna. Gobarar da ta ci kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016 ta nuna mana cewa dare ɗaya ya isa ya shafe abin da aka yi shekaru ana ginawa. Ba na ƙin shaguna, da kasuwa Kano ta zama Kano. Abin da ke damuna shi ne ana rushewa ba a auna ba, ba a zana ba, ba a ajiye komai ba.

Na zauna da kawuna a ƙofar gida na tambaye shi yadda layinmu yake yana yaro. Ya ce, "Ɗana, matso ka gani." Ya ɗauki sandarsa ya zana mini a ƙasa: nan zaure, nan rijiya, nan turken dawaki, nan kududdufin da aka haƙi ƙasar gini. Taswira cikakkiya tana kansa, kuma babu ita a kowace takarda.

Hannun da zai yi aikin muna da shi. Yaron da ya ƙera motar kara da ɓargon karan dawa, ko ya yanka gwangwanin madara ya yi tirela mai tayar silifa, ya riga ya san ma'auni da haƙuri. Kafintocinmu da maƙeran gwangwani da masu ɗinkin hula sun fi ƙarfin saƙar waya a kan tsinke. Ɗaliban zanen gine-gine a Jami'ar Bayero suna gina ƙananan samfura a karatunsu. Gam da fenti da kwali da waya duk suna nan a kasuwar Sabon Gari, soson da ake kunshe firji da talabijin kuwa zubar da shi ake yi. Jar ƙasarmu za ta ba da tubali, tsinken tsintsiya ya tsaya a matsayin azara, a fito da zanko da indararo da ɗaurin guga yadda magina suka gada. Wanda yake da damuwa kan mutum-mutumi, ya bar sojoji ya gina gari, domin soro da ganuwa da rumfar kasuwa ba masu rai ba ne.

Abin da nake so in gani shi ne kowace makarantar sakandare a Fagge da Sabon Gari ta ɗauki layi ɗaya. Ɗalibai su je wurin dattawan layin, Bahaushe da Buzu da Bayarabe da Ibo, su gaishe su, su tambaye su, su auna abin da ya rage a tsaye, su gina shi a kan allo yadda yake a zamanin dalar gyada. A ƙarshen shekara a haɗa allunan a Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa, jama'a su zo su gani, masu sani su gyara inda aka kuskure. Mutanen York sai da suka tona ƙasa mita da yawa kafin su san gidajen magabatansu. Mu namu shaidun suna raye, suna zaune a dakali bayan la'asar, kuma kowace shekara ana rage mana su. A fara tambayarsu a bana.