Daga Kwoi Zuwa Kagoro: Wane Shuɗi Ya Dace Da Gidanka?

Idan ka tashi daga Kaduna a ƙarshen damina ka kama hanyar Kachia, kafin ka isa Kwoi za ka ga gari ya sauya maka. Ciyawa ta fi tsawo, itatuwa sun fi cika, ƙasa kuma ja ce wur. A tsakanin wannan ja da kore, launin da zai yi ta ɗaukar idonka shi ne shuɗi: ƙofar shago, tagar aji, bencin mai shayi, ƙyauren coci da na masallaci. Idan kana da niyyar gyara gida ko sabunta kayan ɗaki a bana, kada ka yi barci a mota. Wannan hanya za ta nuna maka abin da katin launuka na mai sayar da fenti ba zai nuna maka ba, wato yadda kowane shuɗi yake komawa bayan ruwa da rana da ƙura sun yi aikinsu a kansa.

Bahaushe bai taɓa ɗaukar shuɗi abu guda ba. Akwai ruwan bula, mai sunan garin nan da iyayenmu ke sa wa fararen kaya bayan wanki. Akwai ruwan omo, akwai mai kama da sararin samaniya. Akwai kuma shuɗin baba, na marinar Ƙofar Mata a Kano, da turkuɗin Kura wanda don tsabar duhu har ƙyalli yake yi kamar baƙi. Idan ka ce wa mai fenti "shuɗi nake so" ka yi shiru, ka bar masa zaɓi ke nan, kuma abin da ya rage masa a galan shi zai shafa maka.

Tsaya kaɗan a ƙasar Jaba. A nan ƙauyen Nok yake, inda aka fara tono mutum-mutumin yumɓu a 1928, kafin Bernard Fagg ya gane darajarsu a shekarun 1940. Mutanen da suka ƙera su sun san ƙasarsu fiye da shekara dubu biyu da suka wuce. Wannan jar ƙasa ita ce abokiyar gabar fenti mai haske. Dubi gindin kowane bango da aka shafa wa ruwan bula: ruwan da ke zubowa daga rufin kwano yana dukan ƙasa ya fantsamo, sai ya bar jan zane daga ƙasa zuwa gwiwa. Shuɗi mai duhu ba ya nuna wannan tabo sosai, amma shi ma yana da tasa matsalar. Da zarar hunturu ya shigo, farar ƙura za ta kwanta a kansa har yaro ya iya rubuta sunansa da yatsa. Wanda ya fi haƙuri da damina da rani duka shi ne matsakaici, mai ɗan sirkin ruwan toka.

Daga Kwoi sai Kafanchan, garin da jirgin ƙasa ya raya. Tun shekarun 1920 nan ne mahaɗar layin dogo da ya taso daga Fatakwal da wanda ya nufi Kaduna da wanda ya hau Jos. Shi ya sa za ka tarar da Fantswam da Bajju da Hausawa da Ibo da Yarabawa a kasuwa guda, Hausa kuma ita ce harshen ciniki. Ruwan sama a nan yakan fara tun Afrilu ya kai Oktoba, ya fi na Kano nesa ba kusa ba. Bango yana shan danshi, fumfuna tana fitowa a bayan kabad da ƙarƙashin taga, fenti yana kumbura yana ɓarewa. Fumfuna ba muni kawai take jawowa ba, tana tayar wa masu asma da tari, musamman yara da tsofaffi. Shafa sabon fenti a kanta ɓata kuɗi ne. Sai an gyara inda ruwa ke shiga, an wanke wurin, an bar shi ya bushe. Sabon filasta kuma a ba shi kamar mako huɗu kafin a kusance shi da buroshi.

Yanzu lura da wata dabara da za ka gani a makarantu da ɗakunan shan magani da gidajen haya na garin, kamar yadda ake yi ko'ina a Arewa. Ana shafa wa saman bango fentin ruwa mai haske, sannan daga ƙasa zuwa ƙugu a ja ɗamara da fentin mai, sau da yawa shuɗi mai duhu, don ya jure datti kuma a iya goge shi da tsumma. Dabarar tana da kyau. Amma tambayi kanka: wa ke rayuwa a wannan tsayin? Yaro mai rarrafe da mai koyon tafiya. Nan yake dafawa, nan yake ɓantarar ɓawon fenti, hannun kuma baki zai kai shi. A nan ne zaɓen fenti ya tashi daga maganar ado ya koma maganar lafiya.

Abin tsoron shi ne dalma. Ba a manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, lokacin da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Waccan daga niƙa duwatsun zinare ta fito, kuma ta zo da ƙarfi har kowa ya gani. Ta fenti a hankali take shiga, ba zazzaɓi, ba kururuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jiki da za a ce ba ya cutarwa, kuma jikin ƙaramin yaro yana tsotse ta ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta rage fahimta, ta kawo ƙarancin jini, kuma abin da ta lalata a ƙwaƙwalwa ba ya dawowa. Yaron da ba ya samun isasshen abinci mai gina jini ya fi saurin kamuwa. Mai juna biyu kuma tana iya miƙa ta ga ɗan da ke cikinta.

Amurka ta hana sa dalma a fentin gida tun 1978. Iyakar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba ƙasashe shawara a kai ita ce kashi 90 cikin miliyan, Najeriya ma ta karɓi wannan iyaka. Sai dai wani bincike da ƙungiyar SRADev ta Legas da takwararta IPEN suka fitar a 2017 ya gano cewa kusan uku cikin kowane huɗu na fentin mai da suka gwada daga kasuwannin ƙasar nan sun haura ta. Ga abin da ya shafi mai son shuɗi: launukan da aka fi samun dalma mai yawa a cikinsu su ne ruwan ɗorawa, ruwan goro, ja da kore, domin da ita ake haɗa garin launin. Shuɗi ba ya buƙatar dalma kafin ya yi shuɗi. Amma kada ka saki jiki, saboda wasu masana'antu suna zuba ta a fentin mai kowane iri don ya yi saurin bushewa. Haka nan idan aka ɗiga ruwan ɗorawa a cikin shuɗinka don ya ɗan yi kore-kore, an iya shigo maka da abin da kake gudu. Jan fentin da ake fara shafa wa ƙofar ƙarfe don hana tsatsa shi ma abin bincike ne. Launi ba shaida ba ne, kyan ɗan maciji ma kyau ne.

To me za ka yi idan ka shiga layin masu fenti a kasuwar Kafanchan, ko a Sabon Garin Kano, ko a ko'ina? Fara da juya galan ka karanta. Nemi sunan kamfani da adireshinsa, da tambarin hukumar SON, da rubutun da ke cewa ba a sa dalma ba. Ka guji fentin da ake aunawa a gwangwani ko gorar ruwa ba suna ba lamba, komai sauƙinsa, araha ba ta ado. Ga ɗakin yara da gadon jariri da teburin cin abinci, zaɓi fentin ruwa, domin ba kasafai ake samun dalma a cikinsa ba, kuma warinsa bai kai na mai ba. Yanzu akwai fentin ruwa mai sheƙi da ake iya gogewa, zai yi maka aikin waccan ɗamara ta gindin bango. Ke kuma uwargida, bokitin fenti ba na ɗiban ruwan sha ba ne, ba na jiƙa gero ko ajiye gari ba, ko da an wanke shi ya yi fes.

Kafin ka biya kuɗin galan, sayi ɗan kaɗan ka gwada. Shafa shi a faffaɗan wuri a bangon da za ka yi wa aiki, ka bar shi ya bushe, ka dube shi da safe, da azahar, da kuma dare. Launi yakan fi ƙarfi a bango fiye da yadda ya fito a kati, ƙwan lantarki mai ja-ja kuma yakan kashe shuɗi ya mayar da shi kamar toka. Ɗaki mai ƙaramar taga yana son mai haske. Ƙofar ƙarfe da ke kallon rana, idan ka yi mata mai duhu, za ta ɗau zafi har ta ƙona hannun yaro. Lita ɗaya takan rufe kimanin murabba'in mita 10 a shafa guda, kuma shafa biyu ake yi. Idan haɗi aka yi maka, a haɗa duka lokaci ɗaya a babban bokiti, don ba mai iya maimaita haɗin hannu daidai.

Ga kayan katako, tambayi kafinta irin itacen. Ta wajen Gidan Waya, kan hanyar Jos, akwai dajin Nimbia inda aka dasa itacen tik da malaina. Malaina tana karɓar fenti da kyau. Tik yana da maiƙo a jikinsa, fenti ba ya kama shi sosai, gara a bar shi da launinsa a shafa masa man katako. Kowanne ne, sai ya bushe sarai, in ba haka ba zai tsage fentin ya bi shi. Tsohon kabad ko gadon da kuka gada kuwa, kada a kankare shi a bushe da sanfefa, kada kuma a babbaka fentin da wuta. Ƙurar nan ita ce hanya mafi sauri da dalma ke shiga jiki. A jiƙa shi, a yi aikin a waje, a nisanta yara da masu ciki, a goge wurin da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya, mai aikin kuma ya sauya kaya kafin ya ɗauki yaro.

Idan ka gama da kasuwa, fita bayan gari ta hanyar Madakiya ka ga Matsirga, inda ruwan da ya taso daga duwatsun Kagoro yake faɗowa daga tsayin kusan mita 30. A irin kurmin da ke bin koguna haka ne ƙudan tsando yake zama, wanda ke sa wa shanu sammore. Masana, ciki har da na cibiyar binciken wannan cuta da ke Kaduna, sun daɗe da sanin cewa shuɗi mai ƙarfi da baƙi suna janyo shi, har da ƙyallen waɗannan launuka ake ɗinka masa tarko. Wannan bai shafi kujerar falonka a cikin gari ba. Amma idan kana da gona ko garke a bakin rafi, kada ka yi wa rumfar hutawa ko shingen dabbobi irin wannan shuɗin.

Zangon ƙarshe shi ne Kagoro, a gindin dutsen da ake hangowa tun daga Kafanchan, inda ake bikin Afan ranar 1 ga Janairu kowace shekara. A wannan yanki, idan an haƙe citta an shanya, kuɗi sun shigo hannu, sai a shiga gyaran gida don Kirsimeti da sabuwar shekara da bukukuwan aure. Lokacin ya dace, amma farkonsa ya fi: Nuwamba, bango ya bushe, ƙurar hunturu ba ta yi kauri ba balle ta manne a ɗanyen fenti. Kada ka bari sai ana gobe biki. Ɗakin da aka yi wa fentin mai yana buƙatar kwana biyu zuwa uku tagogi a buɗe kafin a kwana a ciki, jariri da mai asma kuma su ne na ƙarshen shiga. Kananzir da fetur da ake wanke buroshi da su a nisanta su da murhu.

Idan gidanku tsoho ne, fenti yana ɓarewa, kuma kun ga yaro yana yawan ciwon ciki, ko kasala, ko ya koma baya a karatu, ku gaya wa likita maganar fentin, ku tambaya ko za a auna dalma a jininsa. Gwajin jini ne kaɗai ke tabbatarwa. Sauran kuwa zaɓinku ne: ruwan bula, ruwan omo ko shuɗin baba, duk wanda ya kwanta muku a rai. Bangon da launinsa bai yi muku ba, baɗi ma a sake shi. Abin da ke cikin galan ɗin ne ba a yi masa gyara daga baya. Allah Ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya.