Maɓallin da matuƙi ya ƙi dannawa

Ni dai, kamar da yawa daga cikinmu, in fizibil ya ƙone a gida, zaren waya nike naɗawa a gurbinsa, kuran ya dawo, in ci gaba da harkata. Ban taɓa ganin aibin haka ba sai ranar da aiki ya sa na shiga ƙaramin jirgi, Cessna 172 mai kujera huɗu, daga Yamai zuwa Tawa.

Muna tsakar tafiya sai wani ɗan baƙin maɓalli a ƙasan allon agoguna ya yi tsalle, rediyo guda ta mutu. Matuƙin ya shinshina ko zai ji ƙaurin roba, ya dakata kaɗan, ya danna sau ɗaya. Maɓalli ya sake fitowa. Ya ƙyale shi.

Cikin wautata na ce: “Malam, a ƙara dannawa mana!” Ya ce ai wannan maɓallin ba rediyo yake tsaro ba, wayar da ke bayan allo yake tsaro. Kowace waya da kaurinta, da iyakar kuran da take iya ɗauka. Lambar da ke rubuce bisa kan maɓallin ke nan. In aka matsa mata sai ta yi zafi, rigarta ta narke, hayaƙi ya turnuƙe mu, ga shi kuwa a sama babu bakin hanyar da za a tsaya.

Inji dai bai ko yi tari ba: manyeto biyu ke ba shi tartsatsi, babu ruwansa da batir. Muka sauka lafiya.

Da na koma Maraɗi, na buɗe akwatin kuran na gidana. Na ƙirga zaren waya ukku, ɗaya har ya yi baƙi.