Tsakanin Kafireta da Inji

A shekarar 1970 kamfanin Chevrolet na Amurka ya fitar da katafaren injin nan 454, mai silinda 8. Har yau ma'abota tsofaffin motoci a can suna ƙara masa ƙarfi da wata dabara mai araha: ɗan allo mai kaurin inci 1, da ake sakawa tsakanin kafireta da bututun da ke raba wa silinda iska da fetur.

Allon iri biyu ne. Mai huda 4 yakan ƙara wa iska sauri, mota ta sami ƙarfin tashi daga tsaye. Mai buɗaɗɗen ciki kuwa faɗaɗa mazaunin iska yake yi, amfaninsa ba ya bayyana sai inji ya ɗauki gudu sosai.

Shi ya sa gwanin bakanike kan yi tambaya kafin ya ɗauki sifana: filin tsere za a kai motar, ko kaya za ta ja? Wanda ya sa wa motar jan kaya buɗaɗɗen allo ya sayi gudun da ba zai mora ba, ya zubar da ƙarfin da yake bukata kullum. Kowane allazi da nasa amanu.